Yadda za ka san abin da banki ya rubuta a kanka, ka gyara shi kafin ka je neman rance

Kawuna yana sayar da kayan gyaran babur a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, tun ina makarantar allo. A layinsu, idan ya ɗaga waya ya ce a ɗoro masa kaya daga Mubi, ana ɗorowa ko dala bai fitar ba, sai kaya sun shige ya aika da kuɗi. Bara waccan ya so ya ƙara shago, ya haɗa takardu ya kai wani banki. Sati uku yana jele. Daga ƙarshe yarinyar da ke riƙe da dosiyensa ta ce masa, cikin ladabi, abin ba zai yiwu ba, sunansa ya fito da matsala.

Ya same ni da yamma a ƙofar gida. Shayin da na zuba masa har ya huce bai taɓa ba.

"Ɗana, ni da ban taɓa cin bashin banki ba, wace matsala sunana zai fito da ita?"

"Kawu, kun taɓa sa wa wani hannu a takarda?"

Ya yi shiru, ya juya hularsa. "Sai dai yaron nan na gidan surukaina, lokacin da zai sayi babur. Ai shi ya ci, ba ni ba."

Abin da ya faru ke nan. Yaron ya biya wata bakwai ya tsaya, ya tafi Duwala, lambar wayarsa ta daina shiga. Ƙaramin bankin da ya ba shi rancen ya rubuta bashin a matsayin wanda ba a biya ba, sunan Kawu kuwa yana manne da shi a matsayin wanda ya tsaya masa. Shekara huɗu maganar tana kwance, shi bai sani ba. Wata biyar muka yi muna warware ta, kuma abin da na koya a watannin nan shi zan shimfiɗa a nan daki-daki.

Wa ke rubutawa, kuma ina rubutun yake zuwa

Kamaru da Cadi, tare da Gabon da Kongo da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, babban banki ɗaya suke da shi, BEAC, mai hedikwata a Yawunde, kuma yana da reshe a nan Garwa. Hukumar da ke sa ido kan bankuna da ƙananan bankuna ita ce COBAC. Bankuna suna aika wa BEAC bayanin rancen da suka bayar a kai a kai, da wanda ake biya da wanda ya maƙale, a tara shi a rumbun da ake kira Centrale des risques. Duk bankin da ka je wa, kafin ya saurari labarinka zai leƙa can.

Akwai rumbu na biyu, na waɗanda cak ɗinsu ya dawo babu kuɗi. A Kamaru hukumar CNEF, wadda a da ake kira Conseil National du Crédit, ita ke riƙe da shi, haka ma bayanan rancen ƙananan bankuna, waɗanda muke ce wa mikrofinans. Mutane da yawa har yanzu suna zaton idan sun ci bashin mikrofinans a Marwa suka koma Ngaundare, shi ke nan magana ta mutu. Da can wataƙila.

Na uku shi ne sabon abu. A watan Disambar 2018 ƙasashen yankin suka kafa dokar da ta ba da damar buɗe ofishin tattara bayanan bashi mai zaman kansa, wanda a takarda ake taƙaita sunansa da BIC, kuma kamfanin Creditinfo aka ba wa aikin. Irin wannan ofishi ba ya ba da rance, ba ya kuma hanawa. Yana karɓar bayani daga masu ba da bashi, ya haɗa na kowane mutum wuri guda ya zama rahoto, sannan daga rahoton ya fitar da maki.

Makin nan shi ne abin da matasa ke gani a bidiyon waya suna tambaya ta. A Amurka, inda abin ya fi kafuwa, makin da kamfanin FICO ke fitarwa yana tashi daga 300 zuwa 850, kuma kamfanin ya bayyana yadda yake auna shi: kashi 35 cikin ɗari biya a kan lokaci, kashi 30 yawan bashin da ke wuyanka, kashi 15 daɗewar tarihinka, sauran kashi 20 a raba tsakanin sababbin rancen da ka nema da ire-iren bashin da kake riƙe da su. Waɗannan alƙaluman Amurka ne, kada ka ɗauko su ka kafa wa manajan banki a Kusiri hujja da su. Amma hankalin da ke ciki ɗaya ne ko'ina, har a kasuwa: wanda ya saba biya ranar da ya ce, kuma bai yi wa kansa lodin da ya fi ƙarfinsa ba, shi ake sake ba wa. Bambancin kawai, dillalin kasuwa ya san fuskarka ya san mahaifinka, idan ka makara zai tuna an yi maka rasuwa. Kwamfuta kwanan wata kaɗai ta sani.

Masu kasuwanci ta Yola da Mubi da Maiduguri, waɗanda suke da asusu a Najeriya, su sani can lissafinsu daban ne. Kamfanoni uku ke riƙe da bayanan, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, suna bin mutum da lambar BVN, kuma dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara.

Wani zai ce shi ba ya cin bashi da ruwa, don haka maganar ba ta shafe shi ba. Kawuna ma haka ya ce. Ana shiga littafin nan ta hanyar tsaya wa wani, ta hanyar cak, ta hanyar tsohon asusun da aka watsar. Kuma bankin da ya sayo maka kaya ya sayar maka bisa tsarin Musulunci, ka biya kaɗan-kaɗan, shi ma dole ya kai rahoton yadda kake biya.

Mataki na farko: zauna ka tuno komai

Ɗauki littafi, ba ɓallen takarda ba. Rubuta kowane banki da kowace mikrofinans da ka taɓa buɗe asusu a ciki, ko da shekara goma ke nan ba ka taka ƙofarsu ba. Rubuta kowane rance: nawa ka karɓa, yaushe, nawa ya rage. Haɗa da rancen sallah ko na komawar yara makaranta da ma'aikata ke ɗauka a kan albashi, da 'yan ƙananan rancen da ake karɓa ta waya, don galibi akwai banki a bayansu. Sannan ka buɗe shafi daban ga duk wanda ka taɓa sa wa hannu. A nan ake mantuwa, saboda mutum ba ya ɗaukar sa hannu a matsayin bashi, yana ɗaukarsa zumunci.

Tsohon asusu yana da nasa sharrin. Ka bar jaka uku a ciki ka tafi, kana ganin ai ka bar musu. Su kuwa suna iya ci gaba da cire kuɗaɗen hidimarsu, kuɗin ya ƙare, asusun ya koma ƙasa da sifili, ruwa ya fara hawa kan gibin. Ranar da sabon banki ya ce ka kawo shaidar cewa tsohon ba ya bin ka komai, sai ka tarar da lissafi yana jiran ka. Asusu ba ya rufe kansa. Sai ka rubuta takarda ka nemi a rufe, ka mayar da katin cirar kuɗi da ragowar littafin cak, a ba ka shaida.

Mataki na biyu: daidaita sunanka

Wannan shi na fi so mutanenmu su tsaya a kai, domin ciwonmu ne na musamman. Mutum ɗaya, a takardar haihuwa Aboubakar, a katin ɗan ƙasa Boubakary, a banki Bouba, a layin waya kuma sunan ƙaninsa, don da katin ƙanin aka yi rajista. Haka Oumarou da Oumar, haka Mohamadou da Hamadou da Mahamat na 'yan'uwanmu na Cadi. Ga kuma dattawan da takardarsu ta ce an haife su "wajen" shekara kaza, kwamfuta ta mayar da su duka ranar 1 ga Janairu. To ka lissafa Oumarou nawa aka haifa 1 ga Janairun 1970 tsakanin Gidar da Garwa.

Illar ta fuska biyu ce. Ko bashin wani mai irin sunanka ya faɗo kanka, ko kuma kyakkyawan biyan da ka yi shekaru ya watse a ƙarƙashin sunaye uku, babu wanda ya isa ya yi maka shaida.

Shimfiɗa katin ɗan ƙasa, da takardar lambar haraji ta NIU, da takardun kowane asusu a kan tabarma, ka bi su harafi-harafi: suna, jerin sunayen, ranar haihuwa, garin haihuwa, sunan uba da na uwa. Inda ya saɓa, katin ɗan ƙasa shi ne alƙali. Je bankin da kwafin katin ka ce a sabunta bayananka. Idan ka sabunta kati lambarsa ta canza, kai musu sabon. Layin wayar da kake hada-hadar kuɗi da shi, MTN ne ko Orange, ko Airtel da Moov ga na Cadi, mayar da shi sunanka. Kuma ka ba banki lambar da ke aiki. Da mikrofinans ɗin nan tana da lambar Kawu ta yanzu, da tun watan farko ya ji labari.

Mataki na uku: karɓo takardunka

Ka je wa kowane mai bin ka, da kowane wanda ka gama biya, ka nemi abu uku. Zan rubuta sunayensu yadda suke a gishe, wato tagar da ake saurarar mutane a banki, don kada a yi maka kwana-kwana. Na ɗaya relevé de compte, jerin shige da ficen asusu, na aƙalla wata shida. Na biyu tableau d'amortissement, jadawalin da ke nuna ranar kowane biya, nawa ne uwar kuɗi nawa ne ruwa. Na uku, ga bashin da ka gama, takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, wadda wasu ke kira attestation de non-redevance, wasu de non-engagement. Idan ka ba da jingina, takardar fili ko ta mota, sai ka ƙara da mainlevée, wato sakin jinginar. Ka tambaya ko ana biyan wani abu kafin a ba da takardun nan, ka kuma duba jadawalin kuɗaɗen da banki ke liƙawa a bango.

Daga nan ka zauna da mai kula da asusunka ka tambaye shi kai tsaye: me ya fito a kaina a rumbun BEAC, me ya fito a na cak, me ya fito a rahoton BIC? Bayaninka ne, kuma dokar BIC ta ba mutum haƙƙin ganin abin da aka tara a kansa da neman a gyara kuskure. Idan ya ce maka "sunanka da matsala" ya tsaya nan, kada ka tashi. Ka ce wane gida ne ya kai rahoton, nawa ne, tun wace shekara, a matsayin mai ci ko mai tsayawa. Da amsar tambayoyin nan huɗu muka gano ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Ka kuma lura da takardun da ake turo maka ka sa hannu lokacin neman rance. A cikinsu akwai ta amincewa a duba bayananka a kuma raba su da ofishin bashi. Idan Faransancinka bai kai ba, tafi da wanda zai karanta maka, ɗanka ne ko maƙwabci, ba ma'aikacin da ke son ka sa hannu ba.

Mataki na huɗu: karanta da biro a hannu

Ajiye littafinka na mataki na farko a gefe, takardun banki a ɗaya gefen. Akwai rancen da ba ka san shi ba? Akwai wanda ka gama amma har yanzu yana nuna saura? Adadin ya yi daidai? Sai ka duba kwanakin makara. A ƙa'idar bankuna, biyan da ya wuce ranarsa sunansa wanda ba a biya ba tun daga washegari, idan kuma ya haura wata uku ana mayar da bashin sahun waɗanda ake shakkar dawowarsu. Wannan sahun shi ke rufe ƙofa.

Abin da na gani da idona: mutum ya biya ranar 5 ga wata ta hannun yaron da mikrofinans ke turowa kasuwa yana karɓar kuɗi, yaron bai shigar ba sai 12. A littafin kasuwa ka biya a kan lokaci, a kwamfuta ka makara sati guda. Rasit ɗin da yaron ya yaga maka shi kaɗai zai fitar da kai. Rasit na inji kuma tawadarsa tana gogewa, zafin Garwa na watan Afrilu ba ya barin ta ta yi wata uku, don haka ka ɗauki hotonsa da waya ranar da aka ba ka.

Mataki na biyar: idan kuskure ne

Wanda ya kai rahoto shi ke da ikon gyara shi. BEAC ba za ta goge maka komai don ka je ka yi rantsuwa ba, ofishin BIC ma sai ya koma ya tambayi wanda ya ba shi bayanin. Saboda haka fara da gidan da ya yi kuskuren.

Rubuta wasiƙa gajera zuwa ga shugaban reshe. Sunanka kamar yadda yake a kati, lambar asusu, lambar rancen, abin da aka rubuta, abin da yake daidai, da buƙatarka: a gyara a wurinsu, a kuma aika gyaran duk inda suka kai rahoto. Haɗa kwafin rasit, asalin ya zauna gida. Yi kwafi biyu na wasiƙar, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ka dawo da ita. Maganar baka a banki iska ce. Wanda ya ce maka "kada ka damu, Alhaji, za mu duba" ana iya mayar da shi Bertuwa wata mai zuwa.

Tun 2020 akwai dokar yankin da ta kare abokan hulɗar bankuna, wadda ta wajabta musu karɓar koke da amsa shi. Idan reshe ya yi shiru, aika wa hedikwatarsu da kwafin wasiƙar farko mai hatimi. Idan nan ma shiru, kai kuka CNEF, ko COBAC. Kowace ƙasa a yankin tana da nata CNEF, na Cadi su nemi tasu a Njamena. Bayan an ce an gyara, bar wata ɗaya ko biyu ka koma ka sa a sake dubawa, domin rahoto lokaci-lokaci ake aika shi, ba ranar da aka yi maka alkawari ba.

Kada ka ba kowa kuɗi don ya "wanke" maka suna. Akwai masu yawo da wannan magana a bakin bankuna, suna cewa suna da mutum a ciki. Abin da yake ƙarya kyauta ake gyara shi da takarda, abin da yake gaskiya kuwa biya kaɗai ke taɓa shi.

Mataki na shida: idan bashin naka ne

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a ce ana bin ka. Ɓuya ita ce ke ɓata lamari. Idan ka hango ba za ka iya biyan wata mai zuwa ba, albasa ta faɗi a kasuwa, ko ruwa ya ci gona, ko an rufe iyaka kaya sun maƙale, je ka same su kafin ranar. Nemi a sake tsara biyan, a tsawaita lokaci a rage na kowane wata. Tafi da lissafin abin da za ka iya da gaske, kada ka yi alkawarin jaka ɗari don ka fita kunya alhali jaka sittin ce ƙarfinka. Duk abin da aka amince, a rubuta, a ba ka sabon jadawali. Tarar makara ma ana roƙon a rage ta, kuma sau da yawa ana ragewa ga wanda ya zo da ƙafarsa.

A Kamaru maganar ta wuce ɓacin suna. Dokar 24 ga Disambar 2019 ta ba da damar a haramta wa wanda ya ƙi biya sake karɓar rance, kuma wanda aka tabbatar da gangan ya ƙi, da mugun nufi, yana iya fuskantar ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar, ko tarar da ta kama daga sefa 100,000 zuwa miliyan 100, ko duka biyun. Ba da takardun jabu don a sami rance shi ma laifi ne a dokar. Wanda ya je ya zauna da masu bin sa, yana da wasiƙu masu hatimi, yana biyan abin da ya samu, ya riga ya tara hujjar cewa ba mai mugun nufi ba ne.

Cak kuma, kada ka rubuta shi da fatan kuɗi za su shigo kafin a kai. Idan ya dawo, banki zai aiko maka da takarda ya ba ka wa'adi ka cike gibin. Cike shi cikin wa'adin, ka karɓi shaidar cewa ka gyara. Idan ka yi biris, za a hana ka rubuta cak, kuma hanin ba a bankinka kaɗai zai tsaya ba.

Tsaya wa wani

Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wadda Kamaru da Cadi duka suke ciki, ta ce mai tsayawa ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da haruffa da kuma alƙaluma. Wanda bai iya rubutu ba, sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa abin da yake shiga. Kuma idan ba a rubuta akasin haka ba, ana ɗaukar tsayawar a matsayin ta haɗin wuya, wato idan wanda ya ci bashin ya gaza, za a iya bin ka kamar kai ka ci. Manoman auduga sun san wannan tun tuni: a ƙungiyar da ke karɓar taki da maganin feshi bashi, mutum ɗaya ya gaza, daga kuɗin sauran ake cirewa ranar awo.

Ba na cewa kada ka tsaya wa ɗan'uwa. A garin nan wanda ya ƙi sa wa ƙaninsa hannu sai ya sha magana har wurin suna da biki. Amma ka tambayi kanka tun farko: idan ya gudu, zan iya biyan wannan adadi ban sayar da gida ba? Idan amsar a'a ce, gara ka ba shi abin da za ka iya kyauta, ran kowa ya ɓaci na kwana biyu. Idan ka yarda, karɓi kwafin yarjejeniyar da jadawalin biya, ka rubuta iyaka da hannunka, kada ka bar gurbin kuɗi fanko a ce za a cike daga baya. Duk wata uku ka leƙa ka tambaya ko yana biya. Ranar da ya gama, kai ma ka karɓi takardar cewa an sake ka.

Gina tarihi ga wanda ba shi da ko ɗaya

Mafi yawan mutanenmu matsalarsu ba mummunan tarihi ba ce, babu tarihin ne gaba ɗaya. Mai shanu a kasuwar Adumri zai juya miliyoyi ranar Alhamis, duka a aljihun riga, a idon banki kuwa bai taɓa riƙe ko jaka ba. Adashi ma haka. Matar da ta shekara goma tana zubi ba fashi ta fi ma'aikata da yawa riƙon amana, amma littafin uwar adashi ba ya zuwa Yawunde.

Maganin ba wuya, sai haƙuri. Buɗe asusu a gidan da ke da lasisi, ka tambaya ka ga shaidar, don an sha ganin masu buɗe ofis su tara kuɗin mutane su ɓace. Riƙa bi da cinikinka ta ciki, ko da za ka zuba yau ka cire jibi, domin jerin shige da ficen wata shida zuwa shekara shi ne shaidar samunka. Kwasar adashi ma zuba ta can kafin ka taɓa. Idan za ka fara karɓar rance ko sayen kaya bashi ta hannunsu, fara da ƙarami wanda ko kasuwa ta yi sanyi za ka iya, ka sa ranar biya ta faɗo bayan ranar da kuɗi ke shigo maka. Zuba kuɗin kwana biyu kafin ranar, saboda Asabar da Lahadi da ranar da za a ce maka intanet ta ɗauke.

Ma'aikaci ya auna da albashinsa. Bankuna galibi ba sa son abin da ake cirewa ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku, wato mai albashin sefa 180,000 ya tsaya wajen 60,000 a wata, duka basussukansa a haɗe. Kuma kafin ka sa hannu tambayi TEG, adadin da ya haɗa ruwa da kuɗin dosiye da inshora, wanda doka ta ce a bayyana maka. Tambayi kuma yadda ake lissafin ruwan. Misali, miliyan ɗaya a kan kashi 2 cikin ɗari a wata, na shekara guda: idan a kan uwar kuɗin farko ake lissafawa har ƙarshe, ruwan 240,000 ne, idan kuwa a kan abin da ya rage ne kana rage uwar daidai-daidai duk wata, 130,000 ne. Duka biyun "kashi biyu" za a ce maka a gishe. Kada kuma ka watsa takardar neman rance gida biyar a sati ɗaya, mai dubawa zai ga kamar wuta ce ta kama ka.

Duk wannan bincike a yi shi wata uku kafin ranar da kake buƙatar kuɗi, sannan a maimaita sau ɗaya a shekara. Ni na ɗaura nawa da bayan babbar sallah, lokacin da kasuwa ke lafawa.

Na Kawu, da muka je mikrofinans ɗin, saura sefa 212,000 har da tara. Ya fusata, ya ce ko dala ba zai biya ba, a je a nemo yaron. Na bar shi ya huce kwana biyu. Ranar Juma'a bayan masallaci ya tafi gidan surukansa da kansa, aka yi zaman da ba a gayyace ni ba, uban yaron ya kawo rabi. Muka rubuta wasiƙa muka roƙi a sauke tarar, aka sauke wani abu, Kawu ya cike sauran a biya uku. Takardar sakin ta ɗauki sati shida kafin ta fito, sau huɗu ina zuwa, sau biyu ana ce mini mai sa hannu ya yi tafiya. Yanzu tana cikin leda a ƙasan akwatinsa tare da takardar gida, hotonta kuma yana wayata. Shagon na biyu ya buɗe kafin azumin bana. Makon jiya wani ɗan ƙanwarsa ya zo da fom a hannu yana sunkuyar da kai, na ji Kawu daga ciki yana cewa a kira masa ni in zo da biro da littafi.